Ƙofofin Lojik a Aji Biyu: Tushe Ne ko Tsohon Yayi?

Da wuya ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko injiniyancin lantarki a jami'o'in Nijeriya ya wuce aji biyu bai yi karo da kwas ɗin zayyana da'irorin lojik ba. Nan ake koya masa ƙidaya da sifili da ɗaya kaɗai, a gabatar masa da ƙofofin AND da OR da NOT, a sa shi cika jadawalin gaskiya, ya zana taswirar Karnaugh. Idan semista ta yi albarka, yajin aiki bai gutsure ta ba, a taɓo filif-filof da da'irar ƙirge kafin jarrabawa. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon kundin karatu na CCMAS, ta tsara kashi 70 da kanta, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. An yi wa fannin kwamfuta garambawul, amma wannan kwas ya tsira. Akwai masu ganin tsirar tasa daidai ce, akwai masu ganin an ƙyale shi ne kawai don an saba da shi.

Masu cewa a rage shi ko a mai da shi na zaɓi ba malalata ba ne, kuma hujjarsu ta farko lissafi ce. Firosesar Intel 4004 da ta fito a 1971 tana da tiransista kimanin 2,300, mutane ƙalilan suka zayyana ta. M1 ta kamfanin Apple da ta fito a 2020 tana da biliyan 16. Babu injiniyan da zai zauna ya jera ƙofofin irin wannan ɗaya bayan ɗaya. Yau bayanin abin da ake so da'ira ta yi ake rubutawa da Verilog ko VHDL, harsunan da suka samu tun shekarun 1980, sai manhaja ta juya bayanin zuwa ƙofofi, ta kuma tsefe waɗanda ba a buƙata fiye da yadda idon mutum zai iya. Ita kuwa taswirar da Maurice Karnaugh ya fito da ita a 1953 yana aiki a Bell Labs, an yi ta ne a zamanin da kowace ƙofa kuɗi ce da wuri da zafi, rage guda ɗaya riba ce da ake gani. Tana da daɗin aiki idan hanyoyin shiga huɗu ne, gida 16 ke nan. Da sun kai shida an tashi gida 64, ido ya fara ruwa. Da'irar da ke tara lambobi biyu masu bit 32 kuwa hanyoyin shigarta 64 ne, layukan jadawalinta sun haura biliyan 18 sau biliyan ɗaya. To me ya sa za a kwashe makonni ana horar da yaro a kan kayan aikin da bai iya ɗaukar ko da ƙaramin ɓangare na aikin gaske?

Hujja ta biyu kasuwa ce. Yaron da iyayensa suka sayar da hatsi ko suka ci bashi don ya yi digiri, aiki ake jira ya samu. Kamfanonin da ke ɗaukar matasa a wannan fanni, irin su Paystack da Flutterwave da Moniepoint, masu rubuta manhaja suka fi nema, da masu kula da rumbun bayanai da tsaron intanet. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 shi ma can ya fuskanta. Nijeriya ba ta da masana'antar da ke ƙera firosesa. Ko wanda zai haɗa ƙaramar na'ura ta ban-ruwa ko ta ƙararrawar ɓarayi, Arduino zai saya ya rubuta mata layi talatin, ba zai tara ƙofofi ba. Suna cewa direba na iya kai lodi daga Kano har Legas lafiya lau bai taɓa buɗe injin ba, kuma wanda ya zo koyon tuƙi aka ba shi sifana an zalunce shi. Shekara huɗu ba ta da yawa. Duk sa'ar da aka ba ƙofofi, daga wani abu aka ƙwace ta.

Hujja ta uku ta fi ciwo, don gaskiyarta ta fi yawa. A wurare da dama alli da allo ne kaɗai kayan koyar da kwas ɗin. Ɗalibi na iya samun A bai taɓa riƙe IC, ɗan guntun da ƙofofin ke cikinsa, a hannunsa ba, bai taɓa ganin fitila ta kama saboda haɗin da ya yi ba. Ya haddace dokokin De Morgan daren jarrabawa, ya juye su da safe, kafin hutu ya ƙare sun bi iska. Wanda aka yi wa haka idan ya ce kwas ɗin bai amfane shi ba, ba ƙarya ya yi ba.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma ba hannu rabbana ya zo ba. Suna farawa ne da tambayar da ɗalibai da yawa ke kammala digiri ba su iya amsawa: ta yaya wutar lantarki, wadda ba ta san komai ba sai gudu a waya, take yin lissafi? George Boole ya wallafa aljabarar gaskiya da ƙarya a 1854 yana koyarwa a Cork ta ƙasar Ayalan, ba tare da wata kwamfuta a ransa ba. An shafe fiye da shekara tamanin kafin Claude Shannon, yana ɗalibin digiri na biyu a MIT, ya nuna a kundinsa na 1937 cewa makunnai biyu a jere su ne AND, biyu a kafaɗa da kafaɗa su ne OR, saboda haka duk abin da aljabarar Boole ta iya faɗa, da'ira za ta iya aikatawa. Wannan gadar ce kwas ɗin yake ɗora ɗalibi a kai. Babu wani kwas a cikin shekaru huɗun nan da ke haɗa lissafi da ƙarfe kai tsaye kamarsa. Wanda bai hau ta ba, kwamfuta za ta zauna masa tamkar siddabaru, ya iya kiran ta ta amsa amma bai san dalili ba.

A ɗauki tankin ruwa na saman gida da famfon da ke cika shi. An sa na'urar jin ruwa biyu, ɗaya kusa da gindi, ɗaya kusa da baki. Idan ruwa ya sauka ƙasa da ta gindi, famfo ya tashi. Idan ya taɓa ta baki, famfo ya tsaya. Ɗalibi zai zana jadawali cikin minti biyu, sai ya iso layi na uku ya cije: ruwa yana tsakiya, ta gindi a jiƙe, ta baki a bushe. Famfo ya yi aiki ko kada ya yi? Idan tankin cikowa yake, ya ci gaba. Idan raguwa yake, ya zauna shiru. Abin da na'urorin biyu ke faɗa iri ɗaya ne a duka halayen, amsar kuwa ta bambanta. Ashe da'irar tana buƙatar ta tuna abin da take yi ɗazu. Sai malam ya ɗauko IC mai lamba 7400, ɗan baƙin abu mai ƙafa 14 da ƙofofin NAND huɗu a cikinsa, ya ba ƙafa ta 14 bolt biyar, ya kai ta bakwai ƙasa, ya ɗauki ƙofofi biyu ya mai da fitar kowace cikin bakin 'yar'uwarta. Shi ke nan, da'ira ta samu ƙwaƙwalwa ta bit ɗaya. Daga wannan ɗan ƙulli ake gina filif-filof, daga shi a gina rajista, daga rajista a gina abin da ke riƙe da lambar da ake tarawa a cikin kowace waya. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya fahimci bambancin abin da ke amsawa nan take da abin da ke da hali na baya, kuma wannan bambanci zai sake haɗuwa da shi a manhajar POS da ke bin matakan cire kuɗi, da fitilar kan hanya, da yarjejeniyar da kwamfutoci ke bi wajen gaisawa a intanet.

Akwai kuma darasin iyaka. Mai lissafi a takarda lambobinsa ba su ƙarewa, amma rajista gidajenta ƙidayayyu ne. Mai bit 16 da ke ɗaukar lamba mai alamar ƙari ko ragi ba ta wuce 32,767. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kourou, cikin daƙiƙa kimanin 40 ta kauce hanya ta tarwatse, saboda manhajar da aka gado daga Ariane 4 ta yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 a gida mai bit 16, lambar kuwa ta fi gidan girma. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta gargaɗi masu Boeing 787 cewa na'urorin da ke kula da janaretocin jirgin za su iya ɗauke wuta idan suka kwana 248 a kunne ba a kashe ba, saboda wani maƙirgi a ciki zai cika ya tumbatsa. Wanda ya san kwas ɗin nan zai ɗauki biro ya ga cewa biyu sau kanta 31, idan ana ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kwana 248 da 'yan sa'o'i ne. Ko ba a je sama ba, duk wanda ya buɗe Python ya tara 0.1 da 0.2 zai ga 0.30000000000000004. Mai rubuta manhajar kuɗi da bai san dalilin wannan ba, wata rana kwabo zai ɓace masa a lissafin mutane ya rasa inda ya shiga.

A nan masu suka suna da martani mai kyau, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. Suna cewa injiniyoyin Ariane ai sun san lojik sarai, saninsu bai hana rokar faɗuwa ba. Abin da ya kashe ta rashin gwaji ne da dogaro da tsohon aiki. Kuma zancen cikar rajista da 0.1 ana iya koyar da shi a yini ɗaya cikin ajin firogiramin, ba sai an ware semista ba. Na yarda da rabin farko. Rabi na biyu ne nake da ja a kai. Abin da aka gaya wa mutum a yini ɗaya gargaɗi ne, zai ajiye shi tare da sauran gargaɗi. Wanda ya haɗa da'irar tarawa mai bit huɗu da hannunsa, ya ba ta 1111 ya ƙara 1, ya ga fitilu huɗu sun mutu gaba ɗaya, ragowar ta fita ta rasa gidan shiga, wannan ba ya buƙatar a tuna masa. Haka kuma zai lura cewa ragowar tafiya take daga gida zuwa gida, kowace ƙofa tana cin ɗan lokacinta, don haka akwai iyakar saurin da agogon firosesa zai buga. A firosesa mai gigahaz uku, bugu ɗaya sulusin nanosakan ne, lokacin da ko haske bai wuce tafiyar santimita goma ba. Daga nan ne tambayoyin kwas na gaba suke samun ma'ana: me ya sa ake da ma'ajiyar kusa, me ya sa aka koma ƙara yawan ƙwayoyin firosesa maimakon ƙara gudun agogo, me ya sa raunin Spectre da Meltdown da aka bayyana a Janairun 2018 ya samo asali daga dabarun ƙara sauri da ke cikin ƙarfen kansa.

Zancen rashin masana'anta kuwa ya fi rauni fiye da yadda ake zato, don zayyanawa daban, ƙerawa daban. Nvidia ba ta da masana'antar kanta, TSMC ta Taiwan ke ƙera mata yawancin kayanta. Kamfanin Arm na Kambirij a Ingila da sayar da zane ya yi suna, zanen da ke cikin kusan kowace wayar hannu. Texas Instruments ta buɗe cibiyar zayyana a Bangalore tun 1985, kuma Indiya ta tara dubban injiniyoyin wannan aiki shekaru da dama kafin ta fara maganar manyan masana'antu. Tun 2010 da aka fara RISC-V a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley akwai tsarin firosesa da kowa zai iya ginawa ba tare da biyan lasisi ba. A 2020 Google da SkyWater suka saki bayanan ƙira na nanomita 130 kyauta, har aka samu shirye-shirye irin Tiny Tapeout da ɗalibi zai aika ɗan zanensa a ƙera masa. Ba na cewa gobe Zariya za ta zama Bangalore. Wutar lantarki da kuɗin bincike da rashin kamfanonin da za su ɗauki wanda ya ƙware duk suna nan. Amma ƙasar da ta cire kwas ɗin daga jami'o'inta ta yanke wa kanta hukunci tun kafin a yi shari'a. Kuma ko a yau akwai inbata da na'urar cajin sola da mitar wuta ta kati da injinan asibiti da ke cike da ƙasar, waɗanda idan allonsu ya lalace sai dai a jefar. Masu gyara a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja suna cire IC su dasa wani da gwanintar da injiniya mai digiri zai yi sha'awa, da yawansu kuwa da ido da hannu suka koya. Abin kunya ne a ce mai digirin bai iya karanta takardar bayanin IC ɗin da suke dasawa ba.

To ina aka tsaya? A ganina ɓangarorin biyu suna kiran abu ɗaya da suna ɗaya alhali abubuwa biyu suke nufi. Masu suka suna kallon takardar jarrabawa, masu kare kwas ɗin suna kallon abin da ya kamata ya kasance. Takardar jarrabawa kuwa, a gaskiya, ta cika da abin da ya fi sauƙin ba da maki: sauya lamba daga tushe goma zuwa tushe takwas, rage doguwar jimlar Boole, zagaye gidaje a taswira. Waɗannan amsarsu ɗaya ce, malami mai ɗalibai ɗari uku zai iya gama makinsu a mako guda. Saboda haka rabin farko na kwas ɗin yake kumbura, rabi na biyu, inda ƙwaƙwalwa da agogo da na'ura mai matakai suke, a tsuke shi cikin makonni biyun ƙarshe ko a ce ɗalibai su karanta da kansu. An ba kayan aikin 1953 babban ɗaki, an bar tunanin da bai tsufa ba a zaure.

Taswirar Karnaugh ta cancanci lakca ɗaya ko biyu, don tana nuna wa ido dalilin da ya sa da'irori biyu masu siffa daban suke aiki ɗaya, kuma a kanta ake ganin inda fitar da'ira kan yi ɗan ƙyaftawa ta ƙarya yayin da shiga ke sauyawa. Bayan haka a sallame ta. Lokacin da aka samu a zuba shi a gini. Noam Nisan da Shimon Schocken sun nuna ana iya yin haka: a kwas ɗinsu da aka fi sani da Nand2Tetris, wanda littafinsa ya fito a 2005, ɗalibi yana farawa da ƙofar NAND ɗaya tak, ya gina sauran ƙofofi da ita, ya gina mai tarawa, ya gina ƙwaƙwalwa, ya gina firosesa, a cikin ayyuka 12 ya kai ga kwamfutar da ke gudanar da manhajar da shi ya rubuta. Duk a kan laftof, kayan aikin kyauta. Ba almara ba ce a ce ƙofa iri ɗaya ta isa: kwamfutar da ta ja ragamar kumbon Apollo zuwa wata a 1969 lojik ɗinta da ƙofofin NOR masu shiga uku aka gina shi. Logisim, wadda Carl Burch ya rubuta, ita ma kyauta ce kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukar ta. Uzurin rashin ɗakin gwaji ya ragu ƙwarai.

Bai ƙare ba dai. Manhajar kwaikwayo tana da ladabi fiye da kima. A cikinta waya ba ta kwancewa, batir ba ya sanyi. A kan allon gwaji na gaske ne ɗalibi zai danna maɓalli sau ɗaya ya ga maƙirginsa ya yi tsalle daga uku zuwa bakwai, saboda ƙarfen maɓallin yana karkarwa sau da yawa kafin ya zauna, da'irar kuwa tana ƙirga kowace karkarwa. A nan ne zai bar ƙafar shiga ɗaya a sake ba a haɗa ta da komai ba, fitila ta riƙa kamawa tana mutuwa idan ya kai hannu kusa. Sifili da ɗaya yarjejeniya ce da aka ɗora a kan bolt mai hawa da sauka, kuma wanda zai zama injiniya dole ya ga inda yarjejeniyar ke yagewa. Allon gwaji da 'yan IC da fitilu da batir ba su kai kuɗin wayar da ke aljihun yawancin ɗaliban ba, ɗalibai biyar na iya tarayya a kan ɗaya. Sashen da ya ce wannan ma ya fi ƙarfinsa, a duba inda kuɗin gwaje-gwajen da ɗalibai ke biya yake tafiya.

Inda nake ba masu suka gaskiya ba tare da ragi ba shi ne zancen sa wa kowane kai hula ɗaya. Ɗalibin injiniyancin kwamfuta ko lantarki yana buƙatar kwas ɗin cikakke, da Verilog, da allo mai FPGA, irin guntun da Xilinx ta fara fitarwa a 1985, wanda ake sake tsara ƙofofinsa yadda aka ga dama. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta yana buƙatar hanya ɗaya miƙaƙƙiya daga NAND zuwa ƙaramar firosesa, semista ɗaya, ba tare da an tsare shi da lissafin tiransista ba. Wanda ke karanta tsarin bayanai na kasuwanci kuwa, makonni kaɗan a cikin kwas ɗin tsarin kwamfuta sun ishe shi. Tara su duka a babban ɗakin lakca ɗaya da takarda ɗaya sauƙi ne ga jadawalin sashe, ba ga ɗalibai ba.

Wahalar da ta rage ta malamai ce, kuma ba ƙarama ba ce. Makin aikin gini ya fi makin taswira cin lokaci nesa ba kusa ba, ga satar aiki: fayil ɗin Logisim ɗaya na iya zagaye aji cikin dare ta WhatsApp. Maganin da aka sani shi ne a kira ɗalibi ya buɗe da'irarsa, a cire waya ɗaya a tambaye shi me zai faru, ko a ce ya mai da maƙirginsa mai ƙirga goma ya koma mai ƙirga shida a gaban malam. Minti biyar ya isa a gane wanda ya gina da wanda ya kwafa. Amma minti biyar sau ɗari uku sa'a 25 ce, kuma malami ɗaya mai kwas huɗu ba shi da ita. Sai an sa ɗaliban digiri na biyu da na aji huɗu sun taimaka, an kuma biya su, sannan a mai da kaso mai tsoka na makin kwas ɗin kan aikin hannu. Wannan shawara ce da majalisar sashe da ta jami'a za su iya yankewa ba tare da jiran Abuja ba, tunda kundin NUC ya faɗi abin da za a koyar ne, bai hana a tambayi ɗalibi ya nuna abin da ya gina ba.